Giyar Jana'izar Arnfinn

Ranar Lahadi da hantsi Gudny ta bugo waya. Magnar yana zaune a kicin, ya miƙe ƙafarsa ta hagu a kan kujera, don gwiwar nan ta tashi da tsiyarta tun asuba. Matarsa Halldis ce ta ɗauka. Ta saurara, ta ce "to", ta sake cewa "to", sannan ta miƙa masa wayar ba ta ko kalle shi ba.

Ya riga ya san Arnfinn, mijin Gudny, ya rasu. Tun jiya da yamma labari ya zagaye tafkin. Bai dai san mutumin ya bar masa aiki ba.

"Asabar za a binne shi," in ji Gudny. Muryarta a bushe, ta wadda ta gama kukanta ta koma tunanin kujeru da farantai. "Ya ce kai za ka dafa giyar."

"Ni?"

"Kai. Sau biyu ya faɗa a asibiti. Ya ce in mutane suka sha taka za su tuna da tasa, su san sun yi rashi."

Magnar ya kalli bango. Mutum yana kan gadon mutuwa, amma bai rasa ƙarfin jefo maka magana ba. Ya ce, "To, na ji." Ya ajiye wayar, ya ci gaba da murza gwiwarsa.

A kwarinmu ba a raka mutum kabari da giyar kanti. Wanda ya yi rayuwarsa yana dafa tasa, sai wani ya dafa masa ta ƙarshe, a taru a sha bayan an dawo daga coci. Da can har jinkirta binnewa ake yi sai giya ta nuna. Yanzu fasto ne da ofishin jana'iza ke sa rana, giya ta bi in za ta iya. Kuma ba wanda zai yi mamakin an ce Magnar, domin shekara arba'in shi da Arnfinn suna zagin giyar juna. Gidajensu suna fuskantar juna, tafki a tsakani. Magnar ya ce giyar Arnfinn warin akuya take yi, kuma laifin yis ɗin gidansu ne, wato abin da ke tayar da giya. Arnfinn ya ce ta Magnar ruwan wankin safa ce, duk faɗin Norway ba ta biyunta a rashin daɗi. A biki, a suna, a taron Kirsimeti, kowa ya san za su haɗu su faɗa wa juna haka, kowannensu kuma ya shanye kofin ɗan'uwansa tas ya miƙa a ƙara.

Matsalar ita ce Magnar ya daina dafa giya. Bai faɗa wa kowa ba, har kansa bai faɗa wa ba. Shekara biyu ke nan yana cewa sai wata mai zuwa. Shekararsa saba'in da huɗu, jiki ya yi la'asar. Giyar gida kuwa ba ta san tsufa ba: ka yi faskare, ka ɗebi ruwa, ka saro rassan itacen junifa mai ƙamshi a kan tudu, ka tsaya a gaban wuta daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, in ka gama kuma wanki na jiranka. Ya gaji. Ba ciwo ba ne da za a kai wa likita, gajiya ce kawai ta shiga ƙashi ta yi zamanta.

Halldis ta ajiye masa kofi. "Za ka iya kuwa, tsoho?"

"An tambaye ni in zan iya?"

Ya sa takalmansa na roba ya gangara ɗakin wuta, ɗan ginin dutse da ke ƙasan gidan kusa da rafi. Ƙofar ta cije, sai da ya sa kafaɗa. Ciki na warin tsohuwar toka da sanyi. Tukunyar jan ƙarfe tana rataye a kan murhu, cikinta ya yi kore. Wannan bai dame shi ba, gishiri da ruwan tsami za su fitar. Da ya juya ya ga bahon katako ne gabansa ya faɗi.

Bahon nan kakansa ya sassaƙa shi, fallayen katako a jere an ɗaure su da ɗamarar ƙarfe uku, yana cin lita ɗari da hamsin. Abu ɗaya yake buƙata a wurin mai shi, kada a bar shi ya bushe. A zuba masa ruwa lokaci-lokaci, shi ke nan. Yaro ma ya san haka. Magnar ya durƙusa da ƙyar ya leƙa, sai ga hasken taga yana shigowa ta tsakanin fallayen. Ya taɓa ɗamarar sama, ta sulale ta faɗo ƙasa da ƙara, ta ɗan yi rawa a kan dutse kafin ta kwanta.

Halldis tana bakin ƙofa ta naɗe hannu a cikin rigar sanyinta. "Ka mayar da shi kwando."

"Na gani."

"Ga na'urar Solfrid can."

A kusurwa, cikin kwalinta, na'urar da 'yarsu Solfrid ta aiko daga Bergen take zaune tun bara waccan: tukunyar farin ƙarfe mai wayar lantarki da maɓallai, wai don Baba ya huta. Ya taɓa buɗe kwalin sau ɗaya, ya ga littafin bayani mai kauri, ya mayar ya rufe.

"Lita ashirin take ci," ya ce. "Mutum ɗari za su zo. Da cokali zan raba musu?"

"Ni dai na faɗa."

"Kuma ba zan raka Arnfinn da giyar da aka dafa da maɓalli ba. Sai ya taso ya yi mini dariya."

Ya mayar da ɗamarar, ya bi ta da guduma a hankali, kaɗan nan kaɗan can, don in ka matse busasshen baho da yawa, ranar da ya sha ruwa ya kumbura sai ya tsinke ƙarfen. Ya kawo tarakta, su biyu suka mirgina bahon a kan cokalinta, tsoho da tsohuwa suna nishi suna ba juna umarni ba mai jin na wani. Ya kai shi inda rafi ya yi ɗan zurfi, ya nutsar da shi, ya danne da duwatsu. Ruwan kaka ya shiga takalminsa, sanyin ya hau har ƙugu. Kwana biyu ko uku katako yake so ya sha ya rufe bakinsa. In an dafa ranar Laraba, yis ɗin gida zai gama aikinsa kafin safiyar Asabar, domin shi ba ya jan ƙafa. Lissafin ya fita, amma babu rarar ko yini ɗaya.

Sauran ranar a cikin tukunya ya ƙare ta, kansa da kafaɗunsa a ciki, yana gurzar kore da tsumma. Da ya fito bayansa ya ƙi miƙewa, sai da ya dafa bango.

Litinin da safe ya hau benen rumbu ɗauko zoben.

Zoben yis ba wani abin kallo ba ne. Ƙananan guntayen katako ne aka sarƙa su cikin juna suka yi da'ira, faɗin faranti. In giya ta taso da kumfa sai ka ja zoben a ciki, kumfar ta shiga lungunansa, ka rataye shi ya bushe. Ranar dafuwa ta gaba ka tsoma shi, yis ya farka ya kama aiki. Haka aka yi ta yi a gidan Magnar daga uba zuwa ɗa, ba wanda ya san farkon abin. Ubansa ya miƙa masa zoben ne a shekarar da ya auri Halldis, bai yi masa wani dogon jawabi ba, ya dai ce, "Kada ya jiƙe."

Tun daga kan tsani Magnar ya ji warin. Ya ɗaga kai, ya ga fallen dutsen rufin nan da ya tsage tun bazarar bara. Ya san da shi. Sau nawa ya tsaya a tsakar gida yana kallonsa yana cewa gobe zai hau. Bai taɓa tsayawa ya tuna abin da ke rataye daidai ƙarƙashinsa ba. Ruwan sama na shekara ɗaya da rabi ya yi ta ɗiga a kan ƙusar, yana bin igiyar. Zoben ya yi fumfuna, baƙa da kore, har da gashi-gashi.

Ya sauko da shi a hannu. Ya ajiye a kan jarida a teburin kicin. Ya nemi lungun da ya fi tsabta, ya kankaro ɗan abin da ya samu da wuƙa, ya zuba a kwalba da ruwan tsiron sha'ir mai ɗumi, ya naɗe da safar ulu ya ajiye a bayan murhu. In da rai, kafin azahar za a ga ƙwayoyin iska suna tasowa. Ya je ya saro rassan junifa, ya dawo ya duba. Ya niƙa tsiron sha'ir buhu biyu, ya dawo ya duba. La'asar ta yi, ruwan kwalbar yana kwance yadda ya zuba shi, sai wani wari mai tsami da ya soma.

Ya zauna. Baƙin ciki ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka ce Arnfinn ya tafi, kuma ya ji kunyar hakan. Abin da ya tsallake yaƙi da yunwa da gobarar da ta cinye tsohon gidan a zamanin kakansa, ya zo ya mutu a hannunsa saboda ƙyuyar hawa tsani.

Halldis ta je ta buɗe kwalin na'urar, ta dawo da 'yar takardar yis na kanti da aka haɗo da ita. Ta sa tabarau ta karanta bayanta. "Sun ce mako biyu."

"Sai a ce wa Arnfinn ya ɗan jira."

Ta ninke takardar. Ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, ta fasa, ta juya ta kama goge teburin da ba abin da ya same shi. Can ta ce, "Ka je wurin Gudny."

"In ce mata me?"

"Ka ce ka zo neman yis. Bakinka zai tsage?"

Dokar yis a kwarin nan tsohuwa ce kuma gajeriya. Duk wanda nasa ya mutu ya zo nema, ba a hana shi, ko da kun yi shari'a a kan iyakar gona. Ba a sayarwa, ba a kuma godiya. Sai dai fa dole ka zo da ƙafarka ka faɗa da bakinka, kuma wannan ne wurin da maza ke tsayawa, domin faɗar ita ce amsa cewa ka kasa riƙe abin da ubanka ya bar maka.

"Shekara arba'in ina cewa warin akuya yake," in ji Magnar. "Yanzu in je in roƙa, mutumin ko binne shi ba a yi ba."

"Ai gara yanzu. Ba ya nan balle ya yi maka tsiya."

"Kuma giyar za ta fito da warin. Kowa zai gane. Za a ce Magnar ya kashe yis ɗin ubansa ya koma aron na akuya."

"To zauna," in ji Halldis. "Ranar Asabar sai ka ba su kofi."

Talata da safe ya tuƙa mota ya zagaya tafkin. Daga tagarsa gidan Arnfinn kamar ka miƙa hannu ka taɓa, amma a kan hanya tafiyar rabin awa ce, ta bi ta gada ta wuce coci. Ya ga an soma haƙa a maƙabarta, ya kau da kai.

Gudny tana kicin, faranti-faranti na gurasar dankali da maƙwabta suka kawo sun cika ko'ina. Ta rame. Ya yi mata gaisuwa, ta amsa. Ya juya hularsa a hannu sau biyu.

"Gudny, yis ɗina ya mutu. Na zo nema."

Ba ta yi mamaki ba, kuma wannan ya fi komai yi masa zafi. Ta ɗauki mabuɗi daga ƙusa ta ce, "Zo."

Ɗakin wutar Arnfinn ya ƙara kashe masa jiki. Tukunya na ƙyalli. Itace a jere an faskare. Baho cike da ruwa har baki, ɗamarunsa sun sha mai.

"Ranar da za a kai shi asibiti ya cika shi," in ji Gudny. "Motar tana jira a waje, shi yana nan da bokiti. Na yi faɗa har na gaji."

Ta buɗe wata 'yar durowa a bango, ta fito da zobe naɗe cikin farin ƙyalle. A bushe yake ƙarau, lungunansa cike da busasshiyar kumfa mai ruwan ƙasa. Magnar ya karɓa. Hanci ba ya neman izini. Ya kai shi fuska ya shaƙa, kafin ya ankara bakinsa ya riga shi.

"Ga warin nan kuwa."

"Na me?"

"Kin san na me. Allah ya ji ƙansa, amma akuya akuya ce."

Gudny ta dafa gefen bahon. Ya ɗauka kuka za ta yi, har ya soma jin haushin kansa, sai ya ga dariya ce take fita da ƙyar, irin ta wanda ya kwana uku bai yi ba. Ta share ido da bayan hannu.

"Magnar, zauna. Ga kututture nan." Ya zauna. Ta ce, "Ka tuna shekarar da aka yi zafin nan, ciyawa ta ƙone, rijiyar gidan fasto ta ƙafe?"

"Shekara goma sha ɗaya ke nan."

"A shekarar yis ɗin Arnfinn ya mutu. Ya yi tsami, ya gwada sau uku, kowace dafuwa sai dai a zuba wa ƙasa. Na ce ya je wurinka. Ya ce gara ya koma shan madara. Wata biyu mutumin nan yana yawo a gidan nan ba a iya yi masa magana. Sai na faɗa wa Halldis a wurin koyon waƙar coci. Mako na gaba ta zo mini da 'yar kwalba a cikin jaka, ta ɗebo yis daga gindin bahonka."

Magnar ya kalli zoben, ya kalle ta.

"Tun daga ranar," in ji Gudny, "duk giyar da ka sha a gidan nan da yis ɗin ubanka aka yi ta. Shekara goma sha ɗaya kana jin warin akuya a abinka."

"Ya sani?"

"Ya za a yi bai sani ba? Shaƙa ɗaya ya yi ya gane. Bai yi mini magana ba kwana biyu, sannan ya hura wuta. Duk ranar da ka zage shi a taro, in mun shiga mota sai ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, ni nake karɓar tuƙi."

"Amma shi ma bai daina cewa tawa ruwan wankin safa ce ba."

"In ya daina ai ka gane."

Magnar ya so ya yi fushi, ya nema bai samu ba. Ya zauna da zoben a cinyarsa yana jin ɗigar ruwa daga gefen bahon.

Akwai abin da ake yi a nan lokacin tsoma yis: mai dafuwa ya cika ƙirji ya kurma ihu a cikin bahon. Kakanni sun ce don a kori mutanen ɓoye na ƙarƙashin ƙasa kada su ɓata giyar. Yau ba wanda ya yarda da su, amma ba wanda ya daina ihun. Sauti kuwa yana tafiya a kan ruwa. In Magnar ya yi nasa, Arnfinn yakan fito bakin ƙofa ya mayar masa daga tsallake, in Arnfinn ya yi, Magnar ya mayar. Ba su taɓa yin maganar abin ba.

"Shekara biyu bai ji ka ba," in ji Gudny. Yanzu ba dariya a muryarta. "Kirsimeti biyu yana fita ya tsaya a can yana sauraro. A asibiti ya ce mini, tsohon nan ya bar abin ya lalace, na san shi, ba zai faɗa ba. Ki ce shi zai dafa mini. In ya zo nema ki ba shi, dama nasa ne."

Magnar ya tashi a hankali, gwiwar ta yi ƙara. Kalmar godiya ta zo masa har bakin leɓe.

"Kul," in ji Gudny. "Ba a yi."

Da ya koma gida Halldis tana feraye dankali. Ya ajiye zoben a gabanta. Ta kalle shi ta ci gaba da aikinta.

"Shekara goma sha ɗaya, Halldis."

"Ka tambaye ni?"

"Bai zo da ƙafarsa ba. Ba haka dokar take ba."

"Dokarku ce, ku maza. Ni mata ta ce mini mijinta ya daina cin abinci." Ta jefa dankali a ruwa. "Je ka duba bahonka."

Bahon ya sha ruwa ya rufe, sai wuri ɗaya kusa da gindi da yake tsattsafowa. Ya kwaɓa garin hatsi da ruwa ya liƙe ta waje, yadda ya ga ubansa yana yi. Suka sake mirgina shi zuwa ɗakin wuta, ya ƙona shi da tafasasshen ruwan junifa har sau biyu.

Laraba gari na wayewa ya hura wuta. Aikin bai ragu don mai shi ya tsufa ba. Ya tafasa ruwa da rassan junifa har ya yi ja. Ya shimfiɗa wasu rassan a gindin baho su zama mataci, ya zuba niƙaƙƙen tsiro, ya bi shi da ruwan zafi guga-guga yana juyawa da muciya mai tsawon mutum. Hayaƙi ya cika ɗakin, idanunsa na zubar da ruwa. Ya rufe ya jira awa uku a kan kututture, bai iya ko cin gurasar da Halldis ta kawo ba. Ya zare toshiyar, ruwan zaƙi ya zubo, ya kwashe shi bokiti-bokiti zuwa tukunya. A bokiti na goma sha biyu ya zubar da rabi a takalminsa, ya tsaya yana zagin Arnfinn a hankali da sunansa da na ubansa. Halldis ta karɓi bokitin. Aka tafasa, aka jefa furen hof mai ɗaci, aka kwashe dusar daga baho, aka wanke shi, aka mayar da ruwan ciki ya huce.

Rana ta kusa taɓa tudun bayan gidan Arnfinn lokacin da ya naɗe hannun riga ya tsoma gwiwar hannu. Ɗumin madarar da aka tatso yanzu, daidai. Ya warware farin ƙyallen, ya saki zoben a hankali, ya ga busasshiyar kumfar tana narkewa tana bazuwa.

Ya tsaya ya dafa bakin bahon da hannu biyu.

"Ba za ka yi ba?" in ji Halldis.

"Ba ni da numfashi."

"Nemo."

Ya ja iska har haƙarƙarinsa ya yi zafi, ya sunkuya ya kurma. Muryar ta fito a tsage, ta tsoho, amma ta cika ɗakin ta fita ta ƙofa ta gangara kan ruwa. Ya miƙe. Ƙafafunsa suka kai shi bakin ƙofa, yadda suka saba, ya karkata kunnensa mai ji zuwa tsallake. Tafkin a kwance yake. Ana ganin hayaƙi daga kicin ɗin Gudny, ƙofar ɗakin wutar a rufe. Ya daɗe a tsaye, har Halldis ta ɗauko barguna ta lulluɓe bahon ita kaɗai, sannan ta zo ta ja shi ta hannun riga.

Alhamis da safe tun daga tsakar gida ya ji ƙamshin, kamar ɓawon lemo. Ya ɗaga bargo, kumfa ta taso kauri ɗaya da tafin hannu, tana 'yar ƙara ƙasa-ƙasa. Ya ja zoben Arnfinn a ciki. Nasa kuwa ya riga ya kankare shi ya tafasa shi sau uku, shi ma ya ja shi a ciki. Ya rataye su biyun a kicin, bayan murhu, inda idonsa zai riƙa ganinsu. Bai ji wani farin ciki ba. Ya ji dai kamar an sauke masa buhu ɗaya cikin biyu.

Asabar aka binne Arnfinn cikin yayyafi. Aka dawo zauren taro na ƙauye, aka ci miyar nama, fasto ya yi gajeren jawabi ya zauna. Magnar ya tsaya a bayan tebur da tulunan giya, bayansa na ciwo, yana zuba wa duk wanda ya miƙo kofi. Giyar ta fito da duhu-duhu, ba ta gama kwanciya ba, amma ta nuna. Tsofaffi suka kurɓa suka gyaɗa kai, wanda a wurinmu babban yabo ne.

Gudny ce ta zo ƙarshe, cikin baƙar rigarta. Ya zuba mata. Mutanen da ke kusa suka yi shiru, don duk sun san abin da aka saba ji a daidai wannan wuri. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Ta dube shi da jajayen idanunta.

"Ruwan wankin safa," ta ce.

Aka yi dariya a hankali, wasu suna share hawaye. Duk suka juyo suna jiran Magnar. Amsar tana bakinsa, shekara arba'in tana nan a shirye, ba ya ko buƙatar tunani. Ya buɗe baki. Sai ya ga babu giyar da zai faɗa wa haka, babu kuma mai shiga mota ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Gudny ta shanye ta miƙo kofin. Ya ɗaga tulun da hannu biyu, don ɗaya ba zai iya ba, ya cika mata.